Ko in kai 'ya'yana kallon fim ɗin matasa a daji?

Tambaya: An gayyace mu kallon wani fim na labarin gaskiya kan matasan da ake kaiwa daji su yi makonni suna koyon dogaro da kai. Ko ya dace in tafi da 'ya'yana masu tasowa? — Wata uwa

Amsa: Malama, ki tafi da su. Wannan salon tarbiyya ya daɗe, domin tun a shekarar 1941 wani masanin ilimi, Kurt Hahn, da wani ɗan kasuwar jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka kafa makarantar Outward Bound a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, don koya wa matasan ma'aikatan jiragen ruwa juriya a lokacin yaƙi. A irin wannan fim, galibi za ku ga yaro goye da jakar kayansa, yana duba taswira, yana kafa tanti cikin ruwan sama da hannuwa masu rawar sanyi, kuma idan ya manta ashana ba mai ba shi, sai dai ya nemi taimakon abokan tafiyarsa. A ganina nan ne darasin yake, ba a kyawun duwatsu ba. Sai dai mai shirya fim yakan zaɓi wanda ya sauya hali ya nuna, ya bar wanda ya gaza. Idan an ba da damar tambayoyi bayan kallo, ki tambayi yadda ake horar da malaman da ke raka matasan, da kuma matakin da ake ɗauka idan yaro ya ji rauni nesa da asibiti.