Kai da za ka yi gudun Legas da lalle a ƙafa

Wa'alaikumussalam ɗana. Na ga saƙonka tun bayan la'asar, sai da na sa tabarau na karanta sau biyu, Goggonka tana tankaɗe tana tambayata me ya ba ni dariya haka ni kaɗai. Wai kana so ka shiga gudun yada ƙanin wani da ake yi a Legas a watan Fabrairu, kuma wani abokinka ya ce maka mutanen da lalle da bagaruwa suke sa wa tafin ƙafa ya yi tauri su yi ta gudu ba takalmi, shi ne kake tambaya ko gaskiya ne, ko ka ajiye kambas ɗinka ka koma irin namu, sannan wai ko namiji ya ƙunsa lalle a ƙafa abin kunya ne. Na yi dariya kam, amma da na tuna kilomita 42 ne a kan kwalta, wajen rabin hanyar Ringim zuwa Kano kenan fa, sai dariyar ta koma ciki. Kai da ko tsakar gida ba ka takawa sai da silifa!

To wa ya gaya wa abokin naka don gwaninta muke yawo ba takalmi? Babu ce. Yaro a ƙauyenmu sai ya kai munzalin aure bai mallaki abin da ya wuce fade ɗaya ba, ko takalmin taya, shi ma ranar kasuwa a hannu ake riƙe shi sai an hango gari a saka. Kiwo, gona, langa da dare, bin karnuka farauta da rani, duk da ƙafar Allah, tun kana taka tsaidau kana kuka har ka zo kana goge shi a ƙasa ka wuce ko waiwaye babu. Shekara goma sha ake yi kafin tafin ƙafa ya zama haka, kai kuma kana nemansa a ƙullin lallen Naira ɗari biyu.

Bari in ba ka labarin ranar da babanka ya sa na kusa rasa yatsa, ban sani ba ko ya taɓa gaya maka, da wuya, don shi ne mai laifin. A 1973 ne, shekarar da aka daina fam da sule Naira ta shigo, ga fari ya sa samari duk sun kama hanyar birni cin rani. Yaya, wato babanka, ya yi sammako zai hau jirgin ƙasan da ke tasowa daga Nguru ya tsaya a Ringim ya wuce Kano, sai da hantsi ya yi sannan Inna ta ɗaga tabarma ta ga takardar harajinsa a ƙasa. Ku ba ku san wannan ba don gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma a lokacin baƙo a birni ba takardar haraji sai ya kwana a hannun 'yan doka. Baba ya dube ni ya ce tashi ka cim masa. Ni kuma ina ɗan shekara sha shida, kan yana hayaƙi, tasha ce fa, akwai 'yan mata masu tallar gyaɗa da dafaffen ƙwai, ina zan je musu da ƙafa duk faso? Sai na zaga ta bayan danga na ari farin kambas na ɗan maƙwabcinmu da ya dawo hutu daga makarantar kwana, an goge shi da alli fari fat. Ya ɗan matse ni a yatsa, ba safa, na ce ai zai buɗe a hanya.

Mil biyun farko ji nake kamar in tashi sama. Daga nan rairayi ya fara shiga ta baki, ga gumi, ka san ƙasarmu jigawa ce ƙafa nutsewa take, sai na ji diddigen dama ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, ban tsaya ba. Babban yatsa kuma duk taku sai ya doki gaban takalmin, duk taku sai ya doka. Da na kai wata tsamiya na zauna na cire, wallahi bororo biyu a diddige ɗaya ya riga ya fashe fatar ta naɗe gefe jajawur, farcen babban yatsa ya yi baƙi jini ya kwanta a ƙarƙashinsa. Na ɗaure igiyoyin na rataya kambas ɗin a wuya na ci gaba da ƙafata, to ƙafar da ta jiƙe da gumi ta yi laushi kamar an jiƙa ƙirgi, ga rana ta take, yashi kamar tukunyar tuya, ƙayar da jiya ba ta isa ta shige ni ba yau har da ƙarangiya sai da ta samu rabonta. Ina jin kukan jirgi daga nesa ina ɗingishi ina gudu ina hawaye. Na isa ya fara motsi, na miƙa wa Yaya takardar ta taga, ko sannu bai ce ba sai cewa ya yi kai takalmin wa ka sato. 'Yan matan da na yi wa kwalliyar kuwa dariya suka yi ta yi, ɗaya ce ta ji tausayina ta ba ni ruwa a moɗa. A kan jakin wani mai itace na dawo gida bayan magariba.

Baba bai dake ni ba, kallon takalmin kawai ya yi ya ce kayan aro ba ya rufe katara, ya shige turaka. Kakarmu ce ta zaunar da ni a kan turmi ta sa aka kawo aci-bal-bal, ta dafa ruwa da gishiri ya huce ta tsoma ƙafar a ƙwarya, ina ihu tana cewa yi ta yi, ai ba ni na aike ka neman suna ba. Ta ciro matsefata daga cikin ɗan kwandonta ta bi ƙaya ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan faifai tana ƙirgawa. Bororon da bai fashe ba ta hana a taɓa shi, wanda ya fashe kuma ta mayar da fatar ta rufe ta ce ba ta da maganin da ya kai wannan fatar, in ka ɓare ta ka buɗe wa ƙuda ƙofa. Sai da ciwon ya kame bayan kwana huɗu ko biyar sannan ta fara jiƙa min bagaruwa, ita ce dai wadda majema ke jima da ita, tana tsuke fata, da dare kuma man kaɗanya a diddige saboda faso. Lallen ma ta sa, ban ɓoye maka ba, ta ce yana zuƙe zafi, sati uku ina yawo da jan tafin ƙafa abokai suna ce min amarya. Farcen kuwa ya fita ɗungurungum, ya fi wata shida kafin sabo ya rufe, har yau a karkace yake.

Ita tsohuwar kullum maganarta ɗaya ce, wai ƙafa baiwa ce, tana ɗaukarka wuni guda ba ta magana, ranar da ta yi magana kuwa kai ne za ka zauna. Shi ya sa duk dare sai ta sa mun miƙe ƙafa ta duba. Malaminmu na allo kuma in kana alwala ka watsa ruwa ka tashi sai ya dawo da kai, tsettsefe yatsun, ka ga sau biyar a wuni hannunka yana bin tsakaninsu, ko tsaga ce ko ruɓewar damina ka gan ta tun tana ƙarama. Farce ranar Juma'a ake yankewa, ba a bari ya haura kwana arba'in, kuma a miƙe ake yanka na ƙafa ba a ƙwaƙule gefe, in ka ƙwaƙule shi ne yake tsirowa cikin nama. Ku yanzu na ga ɗan ƙanwarka da ya zo Sallah, ya cire kambas a zaure sai da kaji suka watse, safa ɗaya kwana uku, an yi alwala an cusa ƙafa a jiƙe, takalmin dubu arba'in ƙafar ciki kuwa ko kare ba zai shinshina ba. Ku san sunan kowane ɗan ƙwallo a Ingila amma ba ku san kalar tsakanin yatsunku ba.

Na san wanda abokin naka yake hange, Abebe Bikila ne na Habasha, sojan fadar Haile Selassie, da ya ci gudun Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. To shi haka ya taso, haka ya saba atisaye, kuma da aka je Tokyo a 1964 ai da takalminsa ya sake cinyewa, wannan ɓangaren ba a faɗa muku. Kwaltar Legas ga kwalba ga ƙusa, ka taka mai tsatsa a kai ka allurar tetanus a bar maganar gudu. Kuma kar ka manta ciwon suga ne ya ɗauke Baffanku na Gumel, daga ɗan ciwon yatsa da bai ji zafinsa ba aka fara, jininku ɗaya, ka je a gwada ka kafin ka fara wannan haukan.

In dai sai ka yi, ba a fafe gora ranar tafiya, takalmin da za ka shiga da shi ka fara gudu da shi tun yanzu ya san ƙafarka. Da yamma ake gwada takalmi lokacin ƙafa ta kumbura, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsarka da bakinsa, ka shafa basilin inda yake gogarka, in ka dawo ka shanya shi. Kaushin ma kar ka kankare shi duka da reza irin na 'yan gayu, dutse ya isa.

Maganar lalle kuwa ko kunya ce ko ba kunya ba, na tambayi Goggonka ta ce ka zo ranar Asabar ita za ta ƙunsa maka da hannunta har da zane, ta ce dama ta gaji da jiran ka kawo amarya. In za ka taho ka zo da kambas ɗin in gani, ka biya Sabon Gari ka sayo min batirin rediyo manya guda huɗu.