Zauren Tambaya da Amsa: Ladubban Matafiyin Keke da Abin Kiɗan da Ya Dace da Yaro

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mu wasu abokai ne a nan Zariya da muka saba hawan keke a ƙarshen mako domin motsa jini. A bana mun yanke shawarar mu ɗaure guzuri da shimfiɗa a kan kekunanmu mu fita ta wajen Maƙarfi, mu kwana a hanya mu dawo washegari, kamar yadda muke ganin matasan Turai suna yi. Muna hutawa wurin mai shayi sai gardama ta kaure a tsakaninmu, wasu suna cewa tunda muna da tanti duk inda dare ya riske mu sai mu kafa, wasu kuma suna cewa hakan rashin ladabi ne. Ana cikin haka wani ya ce shi da jitarsa zai tafi, daga nan zance ya gangaro kan ɗana mai shekara 7 da ya matsa mini in saya masa abin kiɗa mai tsirkiya. Ina neman shawara a kan al'amuran biyu. Daga mai karatu a Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗanda suka ce rashin ladabi ne su ne da gaskiya, kuma a halin da ƙasarmu take ciki batun ya wuce ladabi, ya shafi ku koma gida lafiya. Matasan da kuke gani a bidiyo suna kafa tanti inda suka ga dama, a wasu ƙasashen doka ce ta ba su wannan damar. A Sukotilan wata doka ta 2003 ta halatta wa matafiyi ya kwana a mafi yawan filayen da ba a killace ba muddin bai yi ɓarna ba, kuma Suwidin da Norwe suna da daɗaɗɗiyar al'ada irin wannan. A Ingila kuwa, a mafi yawan wurare sai an nemi izinin mai fili. A ƙasar Zazzau duk filin da kuka gani, ko gona ce, ko saura, ko makiyaya, ko burtali, akwai masu ido a kansa. Baƙi da suka sauka bayan gari da almuru suka kunna fitila a gindin ɗorawa ba tare da kowa ya san da zuwansu ba, 'yan sintirin ƙauyen ba za su ɗauke su a matsayin masu yawon buɗe ido ba, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Saboda haka ku tsara tafiyarku yadda za ku isa ƙauyen da za ku kwana tun da la'asar, rana tana sama. Idan kun zo bakin gari ku sauka daga kan kekunan ku tura su da hannu, ku cire hular kwano da baƙin tabarau domin a ga fuskokinku, ku yi wa dattawan da ke zaune a inuwa sallama, ku gaisa da su a tsanake har a tambayi gajiya da mutanen gida, sannan babbanku shi kaɗai ya nemi a kai ku wurin mai unguwa ko dagaci. A can za ku faɗi daga inda kuke, da inda kuka nufa, da lokacin da za ku tashi, kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa a kusa. Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa ma tantin ba zai fito daga jaka ba, domin za a buɗe muku zaure ko a nuna muku wani aji a makarantar firamare, kafin isha kuma yaro ya shigo da kwanon tuwo. Kada ku mayar da shi da cewa kun zo da taliyarku. Ku ci abin da ya samu, ku yi godiya, da safe ku bar wa mai gida goro, ko sukari da ganyen shayi, ko sabulu, ku kuma ba yaran da suka ɗebo muku ruwa tukuici. Zaro kuɗi a tambayi dattijo nawa ne kuɗin kwana cin fuska ne.

Akwai kuma batun sutura, wanda masu keke ba sa son a taɓo. Matsattsen gajeren wandon da ake tuƙi da shi yana da amfaninsa a kan sirdi, amma bai dace a tsaya da shi gaban mai unguwa ko a bakin rijiyar da mata suke ɗibar ruwa ba. Dogon wando mara nauyi da riga mai faɗi ba za su cika jaka ba, sai a ɗora su kafin a shiga gari. A bakin rijiya ko famfon burtsatse ku nemi izini, ku bi layi, kada kuma ku wanke keke ko ƙafa inda ake ɗibar ruwan sha. Hoto ma sai an tambaya, musamman na mata da yara da cikin gidaje.

A kan hanya, idan kun gamu da garken shanu ku tsaya ku sauka, ku bar makiyayi ya wuce da dabbobinsa, domin ƙararrawa da tufafi masu ƙyalli suna firgita su. Kada ku yanke ta cikin gona don rage nisa, kada kuma hannu ya kai ga raken da yankin Maƙarfi ya yi suna da shi sai da ciniki. Da rani ciyawa ta bushe, wutar dafa shayi da ba a kashe da kyau ba tana iya cinye amfanin da manomi ya tara, don haka ku zuba mata ruwa ku rufe da ƙasa. Ledar ruwa da gwangwani kuwa ku dawo da su Zariya, domin akuya da saniya suna haɗiye leda ta zame musu ajali. Tsakaninku kuma, mafi rauni shi ne ma'aunin gudun tawaga, ba a barin wanda tayarsa ta yi faci shi kaɗai, kuma kowa ya riƙe famfo da sholisho da ƙyallen faci. A babban titi ku jeru ɗaya bayan ɗaya, ku daina tuƙi kafin duhu, ku tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ku tashi, ku kuma nisanci ɓangaren Birnin Gwari da dazuzzukan yammacin Giwa, waɗanda matsalar tsaronsu ba ɓoyayya ba ce.

Mai jita yana iya tafiya da ita, amma ya sassauta tsirkiyoyin ya naɗe ta da bargo saboda zafin rana da girgizar hanya, kuma kada ya taɓa ta a masauki sai mai gida ya yarda. Kusa da masallaci, ko bayan isha, ko a garin da ake zaman makoki, a bar ta a cikin jakarta.

Game da yaronka, kafin ka shiga kasuwa ka fara shawara da mahaifiyarsa da kakanninsa. Zariya gari ne na malamai, kuma akwai gidajen da har yau suke kallon goge da garaya ta fuskar alaƙarsu da bori, ko suke ganin kiɗa sana'ar gado ce ta wasu gidaje. Idan an amince, ra'ayina shi ne a fara da kuntigi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi alhali tsirkiyarsa ɗaya ce tak, jikinsa kuma gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Kai da yaron za ku iya haɗa shi da yamma ɗaya. A samo gwangwani a daddanne bakinsa don kada ya yanke hannu, a jiƙa fatar akuya a ja ta a kai a ɗaure, a soka siririyar sanda, a ɗaura tsirkiya a tokare ta da ɗan guntun kara. Ku masu keke za ku yi sha'awar warware tsohuwar wayar birki ku ciri sili ɗaya, kuma lalle tana ba da sauti mai kaifi, sai dai tana yanka yatsun yaro, in ta tsinke kuma tana iya samun ido. Zaren roba na kamun kifi ya fi aminci. Tsirkiya ɗaya tana tilasta wa kunne ya nemo sauti da kansa, kuma idan sha'awar ta mako biyu ce ba a yi asarar komai ba.

Idan ya ɗore, sai a duba na saye. Gurmi mai tsirkiya 2 yana da daɗin riƙo, kukuma kuma ta fi goge dacewa da ƙaramin hannu, amma duk abin da ake gogawa da izga yana buƙatar malami da haƙurin mutanen gida, domin sautin watannin farko ba ya daɗin ji. A cikin na waje, yukulele, wata 'yar ƙaramar jita ta tsibirin Hawai, ita ce mafi sauƙi, tsirkiyoyinta 4 na roba ne, ƙaramar yukulele kuma tsawonta kimanin santimita 53 ne. Jita tana da tsirkiya 6, kuma ga ɗan shekara 7 sai a nemi mai girman 1/2 mai tsirkiyar roba, kada a sayi babba da sunan zai girma ya same ta. Gogen Turawa ma ana ƙera shi girma-girma, daga ɗan ƙarami mai girman 1/16 har zuwa cikakke, ana kuma gwada shi ne ta hanyar ɗora shi a kafaɗar yaro ya miƙa hannun hagu, idan tafinsa bai rufe ƙarshen wuyan ba to ya yi masa girma. Ko a Sabon Gari ka samu ko a Kaduna, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa ya murɗa maɗauran tsirkiyar ya ga ko suna riƙe sauti, domin da yawa daga masu arha kayan wasa ne kawai. Da hunturu a riƙa ajiye abin kiɗan cikin jakarsa nesa da taga saboda bushewar iska tana tsaga katako, a kuma ware wa yaron minti 10 zuwa 15 a kullum a lokacin da bai ci karo da makarantar boko ko Islamiyya ba.