Hajiya, Dakata da Sayen Bencin Yara 40

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida a Kano. Na kwashi adashi, naira 600,000, kuma akwai shago a jikin gidanmu da ya shekara a rufe. Ƙanina ya gama NCE a fannin lissafi, har yanzu bai samu aiki ba. Ina so mu buɗe wajen lesin, in sayi bencin yara 40, kowane yaro ya riƙa biyan naira 3,000 a wata. Sana'ar za ta fitar da ni, ko in mayar da kuɗina cikin atamfa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa wa nema albarka. Sana'ar tana fitarwa, kuma na ji daɗi da kika yi tunanin ƙaninki. Abin da ban yarda da shi ba a tsarin naki shi ne yara 40 a ɗaki ɗaya.

Ki tuna dalilin da ke sa uba ya cire kuɗin lesin daga cikin na cefane. Ɗansa yana aji 2 na ƙaramar sakandare, amma tun yana aji 4 na firamare lissafin rabawa ya shige masa duhu, babu wanda ya lura. Malam zai cika allo, ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya amsa "Eh" baki ɗaya, shi ma ya amsa da su, don idan ya ɗaga hannu dariya za a yi masa. Sai ya koma bencin baya yana kwafar na maƙwabcinsa. A gida a ce masa daƙiƙi, yau a faɗa gobe a faɗa, har ya yarda haka Allah Ya yi shi. Wannan yaron shi ne kwastomanki. Idan kika zuba shi cikin yara 40 a shago, kin mayar da shi irin ajin da ya baro, ga gajiyar yamma kuma. Wata biyu uban zai ga babu canji, ya janye ɗansa, ya kuma ba da labari a majalisa.

Hajar da za ki sayar ita ce ranar da yaron nan zai tashi da kansa, ya karɓi alli, ya yi aiki a allo ba tare da hannunsa na rawa ba. Ci gaban maki a bayan wannan yake biyowa. Kuma hakan ba ya samuwa sai inda malami ke iya duba littafin kowane yaro a kowane zama, ya ga takamaiman wurin da ya kauce.

Masana sun daɗe da auna wannan. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago a Amurka ya wallafa cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce darasi sai ya iya, ya zarce kashi 98 cikin 100 na takwarorinsa da ke aji na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya bai samu tazara mai girman haka ba, amma amfanin ya tabbata. Gidauniyar EEF ta Ingila, wadda ke tattara irin waɗannan bincike, ta ƙiyasta cewa koyar da yaro shi kaɗai na ƙara masa ci gaban kusan wata 5 a shekara, ƙaramin rukuni kuma kusan wata 4, sannan amfanin yana raguwa idan rukuni ya haura yara 6 ko 7. A matsayinki na 'yar kasuwa, nan ne ribarki take: bambancin yaro ɗaya da yara 5 ko 6 kaɗan ne wajen amfani, amma wajen kuɗin shiga ninki ne.

Bari mu buga lissafi da misali. Tsarinki, idan benci ya cika kuma kowa ya biya, naira 120,000 ne a wata. To ki ɗauki rukuni 4, kowanne yara 6, kowane rukuni awa ɗaya sau uku a mako. Yara 24 ke nan, aikin awa 12 a mako ga ƙaninki. Idan kowa ya biya 8,000, kin tashi da 192,000, da teburi ɗaya da kujeru 7. Ban san ƙarfin aljihun unguwarku kamar yadda kika sani ba, don haka ki tambayi iyaye kafin ki yanke farashi. Ko da 6,000 aka tsaya, 144,000 ne, ya fi na bencin.

Za ki ce, to 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi fa? Ina tare da ke, kuma akwai hanya. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga cikin unguwanni a biranen Mumbai da Vadodara, suna ware yaran da aka bari a baya, 15 zuwa 20, suna koya musu karatu da lissafi na tushe. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shirin, suka ga yaran da suka fi rauni su suka fi amfana. Sirrin shi ne duk yaran matakinsu ɗaya. Saboda haka za ki iya buɗe rukuni ɗaya mai sauƙin kuɗi na yara 12 zuwa 15, na koyon haɗa baƙi da tarawa da ɗebewa kawai.

Wannan ya kawo mu ga ranar farko. Kada a tambayi yaro ajinsa a zaunar da shi. Ƙaninki ya zauna da shi minti 15, ya ba shi gajeren sakin layi na Hausa da na Turanci ya karanta, ya ba shi ɗebewa mai aro, da sau, da rabawa. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa, ko da ɗan sakandare zai zauna da ɗan aji 5. A rubuta sakamakon a littafi mai sunan yaron. Bayan mako 6 a sake gwajin, a kira uban a ajiye masa takardun biyu gefe da gefe. Babu allon talla da zai kawo miki yara kamar wannan uban.

Ki kuma zaunar da ƙaninki ki gaya masa da babbar murya: babu bulala a shagon nan, babu "kai wane irin kwanya gare ka", kuma duk yaron da ya yi wa wani dariya don ya ba da amsar da ba daidai ba, shi za a tsawatar wa. Takardar NCE ba ta ba mutum haƙuri. Ki leƙa da kanki a makonnin farko ki ga wa ke magana a ɗakin. Idan malam ne kaɗai ke magana daga farko har ƙarshe, akwai gyara.

Kasuwar masu jarrabawa ta fi tsoka, domin shiga jami'a na buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, ga JAMB mai maki 400 wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yara da yawa tsoron na'urar ke cinye musu lokaci. Duk da haka kada ki sayi kwamfuta yanzu. Idan riba ta taru, guda biyu na hannu sun isa a fara. Kuma wata rana wani uba zai zo ya ce ko akwai "taimako" ranar jarrabawa. Ki sallame shi da mutunci. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, ana riƙe sakamakon yara a kanta, kuma tana rushe ainihin abin da kike sayarwa, don yaron da aka kai wa amsa ya san a ransa bai iya ba.

Batun kuɗi kuwa, kada kayan farawa su wuce 200,000: teburi, kujeru, farin allo, fanka mai caji, da littattafan tambayoyin jarrabawar baya. Ki ware albashin ƙaninki na wata 3 a gefe, ragowar ta koma cikin atamfa, sana'ar da kika riga kika sani. Asusun lesin daban, na atamfa daban. Ki riƙa cire kuɗin hayar shago duk wata ko da naku ne, in ba haka ba za ki ɗauka riba kike ci alhali shagon ne ke ciyar da sana'ar. Kuɗin wata a farkon wata ake karɓa. Kin fi ni sanin yadda bashin maƙwabta yake. Idan akwai maraya da kike son taimaka wa, ki ba shi gurbi kyauta ki rubuta shi a sadaka, ya fi "zan kawo".

Tsakaninki da ƙaninki a rubuta yarjejeniya a gaban babba a gida: tsayayyen albashi kaɗan, da kaso a kan kowane yaro, da sanarwar wata ɗaya idan ya samu aikin gwamnati. Wajen tsara lokaci ki yi la'akari da Islamiyya, wadda yawanci ke cinye bayan la'asar. Alhamis da Juma'a da yawancinsu ke hutu su ne ranakunki, sai Asabar da Lahadi gwargwadon tsarin unguwa. Da azumi ciniki zai ja baya, dogon hutu kuma ya cika miki ɗaki, don haka ki riƙa ajiye rarar hutun don azumin. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta iya jira sai sana'a ta tsaya da ƙafarta.

Kafin ki kira kafinta, ki zagaya gidajen matan da ke sayen atamfa a wurinki, ki bayyana musu tsarin yara 6. Idan iyaye 12 suka biya kuɗin watan farko, ki buɗe da rukuni 2. Idan ba su kai ba, ki fara da waɗanda suka samu a kan tabarma a soro, ki sake rubuto mini bayan gwajin mako 6 mu duba lissafin tare.