Kafin ka biya kuɗin hayar gonar karas

Tambaya: Ina sayar da kayan gwari a kasuwar Yankaba da ke Kano. An yi mini tayin hayar wata fadama mai baƙar ƙasa, ga ruwa kusa, ga araha. Ina so in noma karas da kaina. In biya?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Baƙar laka ta shinkafa ce da rake. Karas a cikin ƙasa yake yin jiki, in ya tarar da tauri ko tsakuwa sai ya karkace, ya rabu biyu ko uku, in ruwa ya kwanta kuma ya ruɓe. Kai da kake kasuwa ka fi kowa sanin yadda dillali ke karya farashin buhun da ya cika da gajeru da karkatattu. Kuɗin iri da ban ruwa da 'yan ƙwadago kuwa ɗaya ne, ko karas ɗin ya miƙe ko bai miƙe ba.

Je ka gonar da fartanya. Haƙa rami kamu ɗaya a wurare daban-daban, don saiwar na buƙatar ƙasa mai laushi har zurfin santimita 30. Jiƙa ƙasar ka dunƙula a hannu: in ta marmashe da ka taɓa ta, ita ake nema, in ta lanƙaye kamar ta maginin tukwane, bar ta. Cika ramin da ruwa da yamma. In ka dawo da safe ka sami ruwan yana nan, wurin ba na karas ba ne.

Tambayi maƙwabta abin da aka noma bara. Inda tumatir ya yi fama da tsutsar saiwa, karas ma ba zai tsira ba. Kada a zuba ɗanyen taki, shi ma yana raba saiwa. Sai wanda ya ruɓe sosai. In filin babba ne, kai ƙasar a auna tsaminta, a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya misali. Ana son awon ya tsaya tsakanin 6 da 6.8.

Ko ƙasar ta ci jarrabawa, ni dai ba na son ka zuba jarinka duka. Karɓi hayar kaka ɗaya, ka shuka wani yanki da shigowar hunturu, don karas ba ya son zafi. Zai ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin ka ga kuɗi, saboda haka bar abin da zai riƙe rumfarka a Yankaba har lokacin cira.