Amsa: Me ya sa tsohuwar Audi A8 ba ta tsatsa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa bodin tsohuwar A8 ba ya tsatsa. Ai ba ƙarfe ba ne, alminiyam ne. A 1994 Audi ta fito da ita daga masana'antarta ta Neckarsulm a Jamus, bayan shekaru tana aiki da kamfanin sarrafa alminiyam na Amurka, Alcoa. Har ƙashin motar alminiyam ne, shi ya rage mata nauyi, har da samfurinta mai ja da ƙafa huɗu. Jaguar ma ta bi sahu da XJ a 2003.

Sai dai fa in ta bugu, ba kowane mai walda ke iya taɓa ta ba. Kuma duk inda kusar ƙarfe ta haɗu da alminiyam ga danshi, wurin yakan ci. Can za ka fara dubawa kafin ka biya.