SQL ɗina yana aiki, me ya sa aka ce in sake tsarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a harkar rumbun bayanai, na rubuta SQL ɗina (yaren da ake neman bayanai da shi daga rumbun) a layi ɗaya zuuu har ƙarshe kuma wallahi yana kawo sakamako daidai, amma mai duba aikina ya ce ba ya karantuwa. Wai doka ce ko dai neman wahalar da mutum ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Doka kam babu, ita kwamfuta ba ruwanta, ko select ka rubuta ko SELECT, layi ɗaya ko ashirin, amsa ɗaya za ta ba ka. Wanda zai zo gyara daga baya ake tausaya wa, kuma sau tari kai ne da kanka.

Ga yadda za ka tsara: manyan kalmomin umarni irin su SELECT, FROM, WHERE, GROUP BY, ORDER BY kowanne ya fara nasa layin, abin da ke ƙarƙashinsa ka ɗan tura shi ciki, shikenan rabin aikin ya ƙare.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne WHERE, wurin da ake rubuta sharuɗɗan. SQL yana fara haɗa AND kafin ya waiwayi OR, to in ka rubuta aji = 1 OR aji = 2 AND jinsi = 'mace' kai a ranka 'yan matan aji ɗaya da biyu kake nema, shi kuwa zai kwaso maka kowa da kowa na aji ɗaya har da mazan, kuma ko ƙorafi ba zai yi ba, sakamako zai fito fes kamar ba komai. A dogon layi wa zai lura da wannan? Amma in kowane sharaɗi yana layinsa kuma ka sa OR ɗin cikin baka biyu, ido ma kaɗai zai kama.

Haka haɗa tebura, ka daina jera su da waƙafi, JOIN da ON na nan tun ƙa'idar SQL ta 1992. Ka manta sharaɗin haɗin a tsohon salon, tebur biyu masu layi 1,000 kowanne su haifo maka layi miliyan ɗaya. In abin ya yi tsawo ka karkasa shi da WITH, wanda ke ba kowane sashe sunansa, manhajar rumbun bayanai ta MySQL ma ta karɓe shi tun sigar 8.0 a 2018.

In kana ƙiwa, manhajoji irin su SQLFluff ko pgFormatter za su tsara maka. Sai dai a MySQL kan Linux sunan tebur yana bambanta babban baƙi da ƙarami, kar garin gyara ka taɓa shi.