Muryar WhatsApp: amsa kan sirdin bishiya na haɗin gida

Assalamu alaikum jama'a. Sarkin Baka, ranka ya daɗe, a ba ni dama in amsa wa ƙanenmu da ya turo bidiyon Baturen nan da ke rataye a jikin bishiya da baka a hannu. Tambayarsa ita ce, in ya sayi bel da yadi ya kai wa mai ɗinkin jaka ya haɗa masa irinsa da kuɗi kaɗan, zai yi daɗin zama? Kuma zai riƙe shi?

To ƙanena, wannan abin sirdin bishiya ne, na maharban barewa a Amurka. Akwai wani maharbi a jihar Mishigan, John Eberhart, tun shekarun 1980 yake farauta da shi, yana cikin waɗanda suka yayata shi, yanzu kuma kamfanoni irin su Tethrd da Trophyline ke ɗinkawa suna sayarwa. Mita 5 zuwa 7 suke hawa, su yi dako na awoyi. Su ma can talakawansu na haɗa na gida. Amma ka lura da kyau, masu hankalin cikinsu sai sun fara ɗaura ɗamarar masu hawan dutse, mai zagaye ƙugu da cinyoyi, ta kamfani, sannan su ɗora na gidan a kai. Wato yadin da tela ya ɗinka na jin daɗin zama ne kawai, rai kuwa yana kan ɗamarar. Ka yi tsimi a kan yadi yadda ka ga dama. Igiya da ƙugiya da ɗamara, nan babu tsimi.

Bari in gaya maka dalili, don kada ka ce na raina telanmu. Zaren nailan mai lamba 69, wanda ake ɗinkin jaka da shi, yana tsinkewa a wajen kilo 5. Kowane sukan allura na keke, in an yi shi daidai, ka ce yana riƙe kilo 7 da ɗoriya. Kai kuma kana son mahaɗin da zai ɗauki tan biyu. Ka ga ana maganar suka kusan 300 ke nan a kowane mahaɗi ɗaya, a jere, a matse, babu wanda ya tsallake, allura ba ta yanka zaren bel ɗin ba. Kamfani na da injin da ke jan abin har ya tsinke su ga inda ya kai. Telanmu da ido zai duba ya ce ya yi. Kuma ɗinki ba ya gargaɗi, in ya fara warwarewa gaba ɗaya yake tafiya.

Za ka ce mutum mai kilo 80, me ya kai shi tan biyu? Ai ba nauyinka a zaune ake lissafawa ba, fizga ake lissafawa. Igiyar da ake rataya da ita ba ta ƙara tsawo kamar roba in an ja ta. In ka bar ta sako-sako, ƙafarka ta zame ka faɗo ko da rabin mita ne, ƙarfin da zai bugi igiyar da ƙugunka ya ninka nauyinka sau da yawa. Wannan ita ce dokar farko ta sirdin nan: igiya kullum a miƙe, nauyinka kullum a kanta. Kada ka taɓa miƙewa tsaye har ƙugunka ya kai ko ya wuce inda ka ɗaure a jikin bishiya. Sirdin an yi shi ne don ya hana ka faɗuwa, ba don ya cafe ka in ka faɗo ba.

Yanzu kayan. Igiyar rataya, ka nemi ta masu hawa, mai kaurin milimita 11, tsawon mita biyu da rabi zuwa uku. Banda igiyar robar nan shuɗiya ta guga da ɗaurin kaya, rana na cinye ta, tana da santsi, ƙulli ba ya zama. A baki ɗaya ka yi ƙulli mai siffar lamba 8 ya ba ka ido, ka zagaya bishiya ka zura ɗaya bakin a ciki ya shaƙe. A can ƙarshen wutsiyar ka yi ƙullin tsayawa, wannan mutane na mantawa da shi, kuma shi ke hana ka zarcewa ƙasa in abu ya zame. Ka kuma sani kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A jikin wannan igiyar ake naɗa wata siririya, ƙullin furusik, wanda in ka saki nauyi yana zamewa sama da ƙasa, in ka zauna ya cije. Ga igiya mai milimita 11, siririyar ta zama 7 ko 8, naɗi uku. In kaurinsu ya zo ɗaya ba za ta ciji ba. In kuma ka ji tana zamewa kana sama, kada ka damƙe ƙullin da hannu, damƙar ce ke sake shi.

Ƙugiya kuma, karabina, ka juya bayanta ka karanta. Ta gaskiya za ka ga an buga lamba da kN, ma'aunin ƙarfinta, aƙalla 20 a tsaye, wato kusan tan biyu, da wata ƙarama wajen 7 in ta juya a kwance. Shi ya sa ake son mai makulli, a murɗa shi, kuma a riƙa dubawa ba ta karkace ba. Waɗannan masu launi da ake rataya makullin babur, a bar su a makullin babur.

Sai igiya ta biyu, irin bel ɗin da ma'aikatan wutar lantarki ke zagaya falwaya da shi, daga ƙugun dama ta bayan bishiya zuwa ƙugun hagu. Da ita kake hawa, hannuwanka biyu a sake. Mafi yawan faɗuwar maharba a can ba a zaune take faruwa ba, wajen hawa ne da sauka da lokacin komawa kan mataka, wato ɗan dandalin da ake maƙalawa a jikin bishiya a tsaya a kai. Don haka tun ƙafarka na ƙasa ka ɗaura, kuma ba ka kwance ta sai ka ɗaure igiyar rataya, ka zauna a kanta, ka ji ta ɗauke ka. In ka tarar da reshe a hanya, ka ɗaura ɗayar a samansa kafin ka kwance wannan.

To batun daɗin zama, nan ne na gida ke iya yin kyau sosai, har ya fi wani na kanti, tunda a jikinka aka auna. Ka samu kanbas mai ƙarfi ko raga mai kauri, faɗinsa daga sama zuwa ƙasa taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30 zuwa 35, tsawonsa daga gaban wannan kwatangwalo ta baya zuwa gaban wancan. Bel mai faɗin inci biyu a gefen sama, wani a gefen ƙasa, su haɗu a baki su ba da madauki. A ɗan tattare yadin ya yi kwarmi, ya tallafe ka kamar zanin goyo, in ya zama shimfiɗaɗɗe sai ya riƙa hawa bayanka ko bel ɗin ƙasa ya riƙa yankar cinya.

Babban ciwon sirdi shi ne matsar kwatangwalo. Igiyar da ke haɗa madaukan biyu a gabanka, gada suke ce mata, in ta yi gajarta tana jawo gefen biyu su matse ka, bayan rabin awa ƙafa ta sage. Ka fara da santimita 60 zuwa 75. In har yanzu yana matsa, ka ƙara tsawo, ko kuma yadin ne ya yi maka kaɗan. Ɗaurin bishiya ka fara shi daidai goshinka, sannan ka riƙa ɗagawa ko saukewa da faɗin tafin hannu har ka sami inda ya yi maka. Gadar ta yadi da madaukin ɗamara duka su shiga lissafi, wato ɗamarar ma a maƙale take da igiyar rataya, da ɗan gajeren haɗi marar sako-sako. Madaurin cinya kuma kada a cire don wai yana takura, shi ke hana ka sulluɓewa ta ƙasa. Maɓallin roba irin na jakar makaranta bai da wuri a nan.

Ƙafa na bukatar mataka mai faɗin wajen santimita 30, da takalmi mai taurin ƙasa, in ba haka ba tafin ƙafa ne zai fara kuka. Mai son zama ya jingina gwiwa da bishiya, ya ɗaura soso a gwiwa. A riƙa sauyawa, jingina, zama, jingina. Ka kuma ajiye ɗan madaukin bel a aljihu. In mataka ta karye ka rataye ƙafa na lilo, jini na taruwa a ƙafafu, cikin mintuna mutum na iya jin jiri har ya suma. Ka maƙala madaukin a igiya ka taka, ka riƙa motsa ƙafa.

Bel ɗin mota na 'yan gwangwan, ga yadin zama ba laifi. Amma ba ka san ko motar ta yi haɗari ba, ko ruwan batir ya taɓa shi, kuma ruwan batir na cin nailan ba tare da ya nuna ba. Duk abin da ya koɗe, ya yi tauri ko ya yi gashi, a yanka shi a yar don kada wani ya ɗauka.

In har za a gwada a dajinmu, a zaɓi bishiya mai rai, madaidaiciya, kaurinta ya fi cinyarka sosai. Maɗaci, kanya, marke, ɗorawa, ɓawonsu na riƙe igiya. Hano ɓawonsa na saɓulewa, kuka ta yi santsi ta yi faɗi, igiyarka ma ba za ta zagaye ta ba. A ɗaga kai a duba kogo da amya tukuna, don mai rataye ba ya gudun zuma. Wuraren da aka hana farauta irin Yankari kuwa, wannan ba sai na faɗa ba.

Gwajin farko a tsakar gida, ƙafa taƙi biyu daga ƙasa. Ka zauna awa guda cur, ka juya dama da hagu, ka yi kamar ka zame, ka sauka ka duba kowane ɗinki. Ka maimaita kwanaki kafin ka ƙara tsawo, kuma da wani a tsaye kusa. Bindiga ko baka ba a hawa da su a jiki, siririyar igiya ake ɗaura musu a jawo bayan an zauna, bindiga babu harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Wuƙa a kube, nesa da gada. Waya a aljihun ƙirji inda hannu ɗaya zai kai, kuma a gida a san gindin bishiyar da kake da lokacin dawowarka.

Ƙanena, in ka samu karabinar, ka ɗauki hoton rubutun bayanta ka turo nan a duba kafin ka biya. Sarkin Baka, na gode, a huta lafiya.